Yadda Jamus ta kasa ƙwace sararin samaniyar Ingila a 1940: tambayoyi da amsoshi

Idan aka ce yaƙin Hitila, abin da ke fara faɗo wa mutanenmu a rai shi ne Bama da Habasha, inda kakanninmu suka je suka sha wuya. Amma tun kafin a kai ga Bama, an yi wani gumurzu na wata uku da 'yan kwanaki a saman kudancin Ingila, wanda da ya kife da Turawan Ingila, da sauran labarin duk ya sauya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane yaƙi ne wannan, kuma yaushe aka yi shi?

Karo ne tsakanin rundunar sojan sama ta Jamus, wadda ake kira Luftwaffe, da ta Birtaniya, wato RAF. A lissafin Turawan Ingila ya fara ranar 10 ga Yuli 1940, ya ƙare 31 ga Oktoba. Jamusawa kuwa sukan haɗa shi da ruwan bama-baman dare da suka ci gaba da yi har watan Mayun 1941. An raɗa masa suna tun bai zo duniya ba: ranar 18 ga Yuni, Firaminista Winston Churchill ya faɗa wa majalisa cewa yaƙin Faransa ya ƙare, yaƙin Birtaniya ne ke tafe. Shi ne babban yaƙi na farko da aka fara aka gama a sama, ba tare da sojan ƙasa ya taka ƙasar abokin gaba ba.

Me Hitila yake nema?

Abin da ya fi so shi ne Ingila ta sauko ta nemi sulhu, shi kuma ya juya ya fuskanci gabas, wato Tarayyar Sobiyet. Yana da dalilin zaton haka. Cikin mako shida ya durƙusar da Faransa, kuma sojojin Ingila da ƙawayenta da aka kwashe daga gaɓar Dunkirk a arewacin Faransa, su wajen 338,000, sun tsira ne da rayukansu kawai, igwa da tankoki da motoci duk an baro su a can. Da ya ga shiru, ranar 16 ga Yuli ya ba da umarnin a shirya mamayar tsibirin, aka sa wa shirin suna Zakin Teku.

Matsalar ita ce ruwa. Mashigin da ya raba Faransa da Ingila bai fi kilomita 34 ba a inda ya fi matsewa, amma Birtaniya ce ke da rundunar ruwa mafi ƙarfi a Turai, ita kuwa ta Jamus ta dawo daga yaƙin Norway a jigace. A Narvik kaɗai ta yi asarar jiragen ruwan yaƙi goma. Abin da za a tsallakar da sojoji a ciki ma kwale-kwalen dakon kaya ne da aka tattaro daga kogin Rhine da magudanan ruwan Holan da Beljiyam, da yawansu ko inji babu, sai an ja su. Hafsoshin ruwa suka ce ba za su shiga ba sai an share musu sama tukuna. Hermann Göring, shugaban Luftwaffe, mutum mai son ado da cika baki, ya ce a bar masa.

Sai dai har aka gama ba a taɓa tsayar da magana ɗaya ba a kan abin da za a buga. Yau jiragen ruwa, gobe tashoshin rada masu hango jirage daga nesa, jibi filayen jirage, gata masana'antu, daga ƙarshe birnin Landan. An ce taura biyu ba ta taunuwa, su kuwa biyar suka cusa a baki.

Ba Jamus ce ta fi yawan jirage ba?

Ita ce, nesa ba kusa ba. Tana da jirage masu lafiya wajen 2,500 a sansanonin Faransa, Beljiyam, Holan da Norway, alhali jiragen artabun Birtaniya da ke shirye a kowace safiya ba su wuce 600 zuwa 700 ba. Amma lissafin yana da ruɗi. Kusan rabin na Jamus masu dakon bam ne, irin su Heinkel 111, Dornier 17, Junkers 88 da Stuka, waɗanda ba sa iya kare kansu da rana. Messerschmitt 110 mai inji biyu, da aka ƙera don ya yi musu rakiya, shi ma ya zama sai an raka shi. Abin da ya rage shi ne Messerschmitt 109, wajen guda 800, kuma a kansa komai ya rataya.

Jirgi ne mai kyau, amma cikinsa ƙarami ne. In ya tashi daga yankin Calais a gaɓar Faransa ya kai Landan, minti goma kacal yake da shi na faɗa kafin jar fitilar mai ta kama a gaban matuƙi. Da yawa sun faɗa ruwa a hanyar komawa ba don an harbe su ba, mai ne ya ƙare.

Spitfire ne ya ci yaƙin?

A cikin jiragen artabun Birtaniya, Spitfire ya ci suna, Hurricane ya yi dako. Hurricane ya fi yawa a rundunar, kuma shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus. Bai kai Spitfire gudu ba, amma yana da jimiri, kuma da yake bayansa katako ne da ƙarfe aka lulluɓe da ƙyalle, harsashi kan ratsa ya wuce, a liƙe ramin cikin dare ya tashi da safe. Dukansu injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce ne a cikinsu, kowanne da bindiga takwas a fukafukai. Harsashin da suke ɗauka kuwa, in matuƙi ya danna bai saki ba, cikin daƙiƙa goma sha biyar ya ƙare.

To in ba jirgi ba, mene ne asirin?

Ido da waya. Nan ne ainihin labarin yake.

Tun 1935 masanin kimiyya Robert Watson-Watt ya nuna cewa ana iya gano jirgi daga nesa ta hanyar aika igiyar rediyo ta doke shi ta dawo. Wannan ita ce rada. Kafin yaƙi ya zo, an kafa dogayen hasumiyoyi a gaɓar gabas da ta kudu, wasu tsayinsu ya haura mita ɗari, suna hango jirage tun suna taruwa a saman Faransa. Jamusawa ma suna da rada, har ta fi ta Ingila kyau a wasu fannoni. Abin da ba su da shi shi ne tsarin da Hugh Dowding, shugaban rundunar jiragen artabu, ya gina a bayanta.

Ga yadda abin yake tafiya. Tashar rada ta ga wani abu, sai ta buga waya hedikwatar Dowding a Bentley Priory, arewa da Landan. A can akwai ɗakin tacewa, inda ake haɗa rahoton tashoshi daban-daban a fitar da magana ɗaya: jirage kaza, a tsayi kaza, sun nufi wuri kaza. Daga nan labarin ya gangara zuwa shiyyoyi huɗu da aka raba ƙasar, masu lamba 10 zuwa 13, daga shiyya zuwa manyan sansanoni, daga sansani zuwa kunnen matuƙi ta rediyo. Da yake hasumiyoyin teku suke kallo, da zarar jirgi ya shigo cikin ƙasa sun daina ganinsa. Sai 'yan sa-kai su karɓa, mutum wajen 30,000, manoma da malamai da masu shaguna, kowa a ɗan raminsa da tabarau mai kawo nesa kusa da wayar tarho.

Ɗakin shiyya ta 11, mai tsaron Landan da kudu maso gabas, yana Uxbridge a ƙarƙashin ƙasa, sai ka sauka matakala 76. A tsakiya akwai ƙaton tebur mai taswira, 'yan mata sojoji sun kewaye shi da abin sauraro a kunne, kowace da doguwar sanda tana tura 'yan katakai masu lamba. A bango akwai agogo da aka yi wa fenti ja da rawaya da shuɗi, kowane launi na minti biyar, kuma kibiyar da za a ajiye a tebur launinta ya dace da inda hannun agogo yake. Kwamandan da ke zaune a bene yana leƙowa, da kallo ɗaya ya san wane labari ne sabo, wane ne ya kwana. Babu kwamfuta ko ɗaya a ɗakin. Cikin 'yan mintoci labari ya taso daga bakin teku ya iso wannan tebur.

Amfaninsa shi ne tattali. Ba sai jirage sun yini suna shawagi suna neman abokin gaba ba, suna ƙona mai suna gajiyar da matuƙa. Suna zaune a ƙasa har sai waya ta yi ƙara. Shi ya sa ɗari shida suka yi aikin dubu.

Me ya hana Jamusawa rushe hasumiyoyin?

Sun gwada. Ranar 12 ga Agusta sun buga da dama, har tashar Ventnor a tsibirin Wight ta daina aiki na wasu kwanaki. Amma hasumiyar ƙarfe mai raga-raga tana da wuyar kayarwa, iskar bam ratsa ta take yi. Bayan kwana uku Göring ya ce bai ga amfanin ci gaba ba. Shugaban leƙen asirinsa, Beppo Schmid, bai fahimci abin da ke bayan hasumiyoyin ba, kuma ya saba kai wa maigida labarin da maigida yake son ji. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yaya faɗan ya gudana?

Watan Yuli an yi shi ne a kan ayarin jiragen ruwa a mashigi. Babban farmakin, wanda suka kira Ranar Mikiya, an sa shi 13 ga Agusta, ya fara da ruɗani: an ɗage harin safe saboda gajimare, wasu rukunai ba su sami saƙon ba, masu dakon bam suka tafi babu rakiya. Ranar 15 ga wata suka zo ta ko'ina, har daga Norway da Denmark, bisa zaton arewacin Ingila babu mai gadi. Suka tarar Dowding ya ajiye rukunai a can suna hutawa. Jirgi wajen 75 Jamus ta rasa a ranar. Bayan kwana uku aka yi wa Stuka mummunar ɓarna, har aka janye shi daga fagen. Wannan jirgi da jiniyarsa ta firgita Polan da Faransa ya zama nama a gaban Hurricane.

Daga 24 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba ne abin ya yi tsanani. Jamusawa suka tattara jiragen rakiyarsu kusa da Calais, suka dinga dukan sansanonin da suka kewaye Landan: Biggin Hill, Kenley, Hornchurch, North Weald. An yi ta dawowa kan Biggin Hill har aka rushe ɗakin da ake ba da umarni, ma'aikatan suka koma wani shago a ƙauyen da ke kusa suka ci gaba da aiki.

Gaskiya ne saura ƙiris RAF ta durƙushe?

Nan masana tarihi suka rabu. A cikin waɗannan makonni biyu an kashe matuƙa 103, wasu 128 suka ji munanan raunuka, kuma waɗanda ake kawowa su maye gurbi yara ne da ba su gama sanin jirgin ba. Wasu ba sa kai mako guda. Wanda ya ga fuskokin matuƙan shiyya ta 11 a lokacin, masu tashi sau uku sau huɗu a yini, ba zai ce lafiya lau ake ba.

Amma a ganina an fi ƙarfafa maganar. Filayen ciyawa ne, a cike ramuka da dare a tashi da safe. Ko da an kori rundunar daga kudu maso gabas, za ta ja baya ne zuwa arewacin Landan inda Messerschmitt 109 ba ya kaiwa. Kuma babu wanda yake duba halin da ɗaya ɓangaren yake ciki, alhali su ma jini suke zubarwa, har fiye. Bambancin shi ne Turawan Ingila sun ɗauka Jamus ta fi yadda take ƙarfi, sai suka ƙara ɗamara; Jamusawa kuwa sun ɗauka Ingila ta kusa ƙarewa, sai suka yi sake.

Me ya sa suka bar sansanoni suka koma kan Landan?

Daren 24 ga Agusta wasu bama-bamai suka faɗa cikin Landan. Washegari da dare Birtaniya ta aika jirage Berlin. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma ta taɓa girman kai. Ranar 4 ga Satumba Hitila ya yi jawabi ya ce zai shafe biranensu. Wannan shi ne labarin da aka fi bayarwa, na fushi da ramuwa.

Akwai kuma lissafin soja a ciki. Albert Kesselring, kwamandan rundunar da ke fuskantar Landan, ya yi imanin cewa jiragen Ingila kaɗan suka rage, kuma hari kan babban birni zai tilasta musu su fito gaba ɗaya a gama da su. Lokaci ma yana ƙurewa, domin da kaka ta shiga teku ba ta hayuwa da kwale-kwale. Ranar 7 ga Satumba da la'asar, jiragen bam wajen 350 da na rakiya fiye da 600 suka bi kogin Thames suka cinna wa tashar jiragen ruwa da unguwannin talakawa na gabashin birnin wuta. Mutanen Landan suka shiga uku, sansanoni suka sami numfashi.

Me ya faru ranar 15 ga Satumba?

Lahadi ce. Jamusawa suka zo sau biyu, da hantsi da kuma bayan azahar. Keith Park, ɗan New Zealand da ke riƙe da shiyya ta 11, ya dinga tare su tun daga bakin teku, rukuni bayan rukuni, yana tilasta wa jiragen rakiya su ƙona mansu kafin a kai birni. A saman Landan kuma sai ga jirage fiye da hamsin a dunƙule daga shiyya ta 12, wadda ke arewa da ta Park. Matuƙan Jamus da aka yi ta faɗa wa cewa abokan gaba sun ƙare suka ga sama ta cika.

Churchill yana cikin ɗakin Uxbridge a ranar. Ya rubuta daga baya cewa da ya ga duk fitilun allo sun nuna rukunai suna sama, ya tambayi Park ko akwai sauran na ajiya, Park ya ce babu.

Da yamma aka sanar cewa an harbo jirage 185. Ainihin adadin bai wuce 60 ba, RAF kuma ta rasa ƙasa da 30. Ba lallai ƙarya aka shirya ba. A cikin hargitsi mutum uku kan harbi jirgi ɗaya, kowa ya rantse shi ya kayar. Ko sittin ɗin ma ta isa. Ranar 17 ga Satumba Hitila ya ɗage Zakin Teku sai abin da hali ya yi, kuma ba a sake tayar da shi ba.

Su waye matuƙan?

Kusan mutum 3,000 ne aka lissafa sun yi wannan yaƙi a ɓangaren Birtaniya, 544 suka mutu a cikinsa. Su ne Churchill ya ce, ranar 20 ga Agusta, ba a taɓa yin yaƙin da jama'a masu yawa haka suka ɗauki bashin 'yan ƙalilan haka ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar baƙi ne: 'yan Polan 145, sai 'yan New Zealand, Kanada, Cekoslobakiya, Beljiyam, Afirka ta Kudu da sauransu. An daɗe ana jan ƙafa kafin a bar 'yan Polan su shiga, wai ba sa jin Turanci. Da aka sake su a ƙarshen Agusta, rukuninsu mai lamba 303 ya fi kowane rukuni yawan jiragen da aka lissafa masa. Mutane ne da aka ci ƙasarsu a gabansu, kuma sukan matsa dab da jirgi kafin su buɗe wuta.

Abin da matuƙi ya fi tsoro wuta ce. Akwai tankin mai a gabansa kaɗan, in ya kama, harshen wutar fuska da hannuwa yake nema, kuma daƙiƙoƙi ne tsakaninsa da buɗe murfi ya faɗo da lema. A wani asibiti a East Grinstead, likitan fiɗa Archibald McIndoe ya shafe shekaru yana sake gina fatar ido da hanci da yatsun waɗannan samari.

Nawa kowane ɓangare ya rasa?

Jamus ta rasa jirage wajen 1,900. Rundunar Dowding ta rasa 1,000 da 'yan kai, in aka haɗa da jiragen bam da na sintirin teku, waɗanda suka yi ta dukan kwale-kwalen mamaya a tashoshin Faransa da Beljiyam, asarar Birtaniya ta haura 1,500. Amma a wajen mutane ne tazarar take. Matuƙin Ingila da ya sauka da lema a gona yake faɗawa, a ba shi shayi, gobe ya koma aiki. Bajamushe kuwa sansanin fursuna ya nufa, kuma jirgin bam ɗaya mutum huɗu ko biyar yake tafiya da su. Fiye da 900 aka kama, waɗanda suka mutu sun haura 2,500. Ga shi kuma masana'antun Birtaniya, a ƙarƙashin ministan ƙera jirage Lord Beaverbrook, suna fitar da jiragen artabu kusan ninki biyu na abin da Jamus ke ƙerawa.

Farar hula ne suka biya kuɗi mafi tsada. Hare-haren dare da suka biyo baya har Mayun 1941 sun kashe fiye da mutum 40,000 a Landan, Coventry, Liverpool da sauran birane.

Shin da gaske wannan yaƙi ne ya hana mamaya?

Akwai masu cewa ko da RAF ta sha kashi, rundunar ruwa za ta nutsar da kwale-kwalen nan cikin dare ɗaya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma ba sai an mamaye ƙasa ake cin ta ba. Da Luftwaffe ta mallaki sama tana dukan birane da rana tsaka yadda ta ga dama, da masu son a yi sulhu, waɗanda suka ɗaga murya a majalisar ministoci tun watan Mayu, sun sake samun baki. Amurka ma kallo take yi. Jakadanta a Landan, Joseph Kennedy, yana ta aika rahoton cewa Ingila ta gama yawo. Da aka ga ba ta faɗi ba, a watan Maris 1941 aka zartar da dokar ba ta makamai aro. Hitila kuma ya shiga Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941 da maƙiyi a bayansa.

Wane lada Dowding da Park suka samu?

An sauke su. Dowding mutum ne marar fara'a, marar iya siyasar ofis. Shi ne ya tsaya kai da fata a watan Mayu cewa kada a ƙara tura jirage Faransa, abin da ya ceci rundunar, amma ya tara masa maƙiya. Trafford Leigh-Mallory na shiyya ta 12, tare da Douglas Bader, matuƙin nan da ya rasa ƙafafunsa biyu tun 1931, suna ganin a riƙa tara rukunai da yawa a buga lokaci ɗaya. Park ya ce kafin a gama taruwa an riga an zuba masa bam a sansani, kuma sau da yawa haka aka yi. Rashin maganin hare-haren dare ya ƙara ba masu sukar Dowding hujja. A watan Nuwamba aka cire shi, a Disamba Leigh-Mallory ya gaji kujerar Park. Ɗan littafin da ma'aikatar sojan sama ta buga a 1941 kan yaƙin ko sunan Dowding bai ambata ba. Park dai ya sake nuna kansa a tsibirin Malta a 1942.

Akwai abin da ya haɗa wannan labari da ƙasarmu?

Akwai, ta hanya biyu. An yi ta tara gudummawa a ƙasashen da Ingila ke mulka don sayen jirage, kuma saboda kuɗin da aka tara a Najeriya aka sa wa rukuni na 91 na RAF sunan ƙasar. An kafa shi a Janairun 1941, da jiragen Spitfire.

Ta biyun ta fi kusa da gida. Da Italiya ta shiga yaƙi ranar 10 ga Yuni 1940, Bahar Rum ya zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila, ga shi ana bukatar jiragen sama a Masar. Sai aka koma kawo su cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, su yada zango a Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa El Geneina da El Fasher da Kartum, sannan su bi kogin Nilu su gangara Masar. Hanyar ta samu ne domin Félix Éboué, gwamnan Chadi, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, ranar 26 ga Agusta 1940, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wato ta Faransawan da suka yi sulhu da Hitila. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba, cikin makonnin da ake ƙona Landan: 'yan Hurricane ƙalilan, da jirgin Blenheim ɗaya a gaba yana nuna musu hanya. Kafin 1943 dubban jirage sun bi ta wannan hanya, suna shan mai a filin jirgin Kano.